Sabon karburato, da bis ɗin da ake ƙullewa don "rage shan mai"

A Faransa, sikuta mai karburato ta kusa zama kayan tarihi. Tun da dokar hayaƙi ta Euro 4 ta hau kan sababbin motoci masu ƙafa biyu a 2017, kamfanoni suka koma injeksiyo, wato na'urar da ke fesa wa inji mai a madadin karburato, kuma daga Afrilun 2024 har duba lafiyar moto ya zama dole. Don haka makanishen nan Liyon idan ka kai masa karburato, littafin kamfani zai buɗe, ya sa na'ura a bakin salansa. A Maraɗi kuwa kunne ne na'urar. Ni dai ina ganin kunnen makanishenmu ya fi, in da zai daina abu ɗaya: ƙulle bis ɗin mai don mai moto ya ce tana shan esansi.

Karburaton da aka ciro daga kwali ba a saita shi don motonka ba. Irin wanda ake sa wa injin sikuta na GY6, mai cc 125 da 150, mai bakin milimita 24, kama ɗaya ne a ido, amma jiklar ɗin ciki, wato ƙananan bututun tagulla da mai ke bi ta raminsu, sun bambanta. Kafin a ɗaura shi a kwance kwanon ƙasa, a karanta lambar da aka buga a kan babban jiklar da ƙaramin, a gwada da na tsohon. Galibi babban yana tsakanin 102 da 110, ƙaramin wajen 35. In na tsohon ba su ci ba, a wanke su a mayar cikin sabon, an huta. Kada a zura musu waya ko allura, ramin tagulla ne, da ya buɗe shi ke nan.

Sai robar wuya, wadda ke haɗa karburato da inji. Zafin garinmu na Afrilu, da yake wuce digiri 40, yana busar da ita ta tsage ta ƙasa inda ido bai kai. Iska na satar hanya ta nan, sai ka ji an saki wuta amma injin ya rataye sama, ya daɗe kafin ya sauko. Ana ta murɗa bis a banza. A fesa maganin wanke karburato a kan robar injin na ralanti, wato yana aiki ba a ba shi wuta ba, in sautin ya canza to akwai ɓula. Haka ƙaramin tiyon da ke tashi daga wuyan zuwa famfon mai: in an manta shi, moton za ta tashi da abin da ke cikin kwano, ta yi minti ɗaya ko biyu ta mutu, a ce ai sabon karburaton jabu ne.

Bayan wannan ne ake taɓa bis. A ɗora moton kan ƙafar tsakiya, tayar baya ta bar ƙasa, a bari ta yi zafi kamar minti 10, saboda cok ɗin wannan karburato, mai ƙara wa inji mai in yana da sanyi, na lantarki ne, sai ya ɗumama yake rufe ƙarin man da yake bayarwa. Wanda ya saita da sanyi aikin baban giwa ya yi. Bis ɗin da ke ɓangaren inji na mai ne: a fito da shi mai ya ƙaru, a shigar ya ragu. A shigar da shi a hankali har ya zauna, ba da ƙarfi ba don tsininsa yana karyewa, sannan a warware zagaye 2. Daga nan kwata-kwata ake tafiya, a jira daƙiƙa 15 kowane murɗi, a nemi inda injin ya fi tashi da sauti mai santsi. Sai a sauko da ralanti da ɗaya bis ɗin, na ralanti, zuwa wajen juyi 1600 a minti, inda tayar baya ba ta juyawa da kanta. In sai an wuce zagaye 3 take daidai, ƙaramin jiklar ya yi ƙanƙanta ko iska na shiga. In ƙasa da zagaye 1 ne, ya yi girma ko cok ɗin bai rufe ba.

To a nan ne muke cutar kanmu. Bis ɗin mai ralanti da farkon wuta kawai yake riƙe da su, ba shi ke shan man tafiyar Tibiri ko Ɗan Isa ba. Ƙulle shi bai rage maka ko kofin shayi a lita, amma injin da iska ke sanyaya shi, a rana irin tamu, in mai ya yi masa kaɗan zafi yake ci, supaf, wato bawul ɗin inji, ta ƙone. Salansa na harbi idan ka saki wuta, alamar ke nan. Ciro buji bayan tafiya: launin shayi da madara shi ake so, fari fat yunwar mai, baƙin gawayi mai ya yi yawa.

Kuma sau da yawa baƙin bujin laifin filtar iska ne. A Turai sai a yi dubban kilomita ba a buɗe ta ba, mu lokacin hunturu ƙura na toshe ta cikin makonni. Wasu sai su cire ta gaba ɗaya. Wannan karburato da jan iska yake ɗaga robar samansa, ba akwatin filta sai ka ji ta yi "buuu" ta nutse da ka ba da wuta, ga yashi yana cin silinda.

Mai ma kowa da matsalarsa. Nan Faransa esansin E10 mai barasa ne ke jan ruwa ya daskare jiklar idan moto ta kwana sanyi a ajiye. A gida man kwalba ne na bakin hanya: ƙwayar yashi ɗaya ta maƙale a allurar fulota, wadda ke tsayar da mai in kwano ya cika, mai ya riƙa tsiyaya ta tiyon ƙasa. Ƙwanƙwasa kwanon da gindin turnabis kan sake ta na ɗan lokaci, amma gyaran shi ne a wanke tanki, a sa ƙaramar filtar mai a tiyo kafin a haɗa sabon karburaton, kibiyar da ke jikinta tana kallon inji.