Yafe haƙƙin ɗaukaka ƙara a Amurka: ba nan magana take ƙarewa ba

Da yawa sun ɗauka cewa a Amurka, da zarar wanda ake tuhuma ya amsa laifi, ya kuma sa hannu cewa ya haƙura da ɗaukaka ƙara, to shi ke nan har abada. Ba haka abin yake ba.

Lalle galibi kotu kan kori irin wannan ƙara idan lauyan gwamnati ya gabatar da takardar. Amma sai ta duba tukuna: mutumin ya fahimci abin da ya sallama? Da yardarsa ya sa hannu? Idan gwamnati ta saɓa alkawarin da ta yi masa kafin ya amsa laifin, ko hukuncin ya zarce iyakar da doka ta gindaya, takardar ba za ta ɗaure shi ba.

A jihar Idaho, Gilberto Garza ya yi ta roƙon lauyansa ya ɗaukaka masa ƙara, lauyan ya ƙi saboda Garza ya sa hannu a irin wannan takarda, har wa'adi ya wuce. A 2019 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai 6 a kan 3, ta ce dole a ɗauka cewa ƙin nan ya cutar da shi. A ganina hukuncin ya dace, domin wanda ke kulle a kurkuku da lauyansa ya dogara.