Matuƙin nan bai yi laifi ba, iska ce

Tun jiya bidiyon nan na Kwahu, a ƙasar Gana, yake yawo, wanda aka ga matuƙin lemar shawagi (lemar da ake tasowa da ita daga kan dutse a yi yawo a iska) ya sauko da wata yarinya da ya ɗauko, kuma wallahi abin da mutanenmu ke rubutawa a ƙarƙashinsa ya ƙona min rai. Wai matuƙin bai iya ba. Wai tsoro ne ya sa ya dira a gonar rogo maimakon filin ƙwallo na Nkawkaw. Har wani dattijo da nake ganin girmansa a nan unguwar Nima ta Accra ya ce a ƙwace lemar daga hannunsa. Haba Alhaji! Mutumin da ya sauko da 'yar mutane daga kan dutsen Odweanoma, ta taka ƙasa da ƙafafunta ko ƙwarzane babu, shi ne bai iya ba?

Iska ce, jama'a.

Lemar shawagi ba ta da inji. Da zarar ƙafarka ta rabu da dutse, gangarowa kake yi, sai fa in ka dace da iskar zafi mai hawa ta ɗaga ka. Irin lemar da aka saba gani tana tafiya wajen kilomita 38 a awa, tana nitsowa kamar mita 1.2 a kowace daƙiƙa. In gari ya yi lum, duk mita ɗaya da ka sauko ka ci kusan mita 9 a gaba. To bari iska mai gudun kilomita 20 ta taso maka ta goshi. Abin da ya rage maka a kan ƙasa 18 ne kacal, nitsowar kuwa tana nan yadda take, ba ta san da ragi ba. Mita 9 ɗin nan ta koma 4 da 'yan kai. Wanda tsayin mita 400 zai kai shi kilomita 3 da rabi, yanzu ko 2 ba zai cika ba. Ku tambayi duk mai kwale-kwalen da ya taɓa haura ruwa mai gudu, hannu na aiki amma gaɓa ba ta matsowa.

Wani ya ce ai da ya ja igiya ya rage saukar. Ɗan'uwa, igiyar nan birki ce. Ka ja ta iska na gabanka, ɗan gudun da ya rage ka zubar, ka tsaya cak kana sauka wuri guda. Ka zarce da ja kuwa, lemar ta daina ɗaukar iska ta faɗo da kai. Ku koma bidiyon ku kalli hannayensa: a sama suke, kusa da ƙwaryar kai, ya saki birkin gaba ɗaya. Wanda ya san aiki ne yake haka. Ya gwammace ya nitso da ɗan sauri in dai zai ci nisa. Da ya ga lissafi ya ƙi, sai ya zaɓi fili tun yana da tsayi, ya fuskanci iska, ya sauka.

Masu cewa waɗanda suka riga shi tashi sun kai filin, ba zan ɓata bakina ba. Iskar hantsi daban, ta azahar daban.

Ni na taɓa hawa sau ɗaya, a bikin shawagi da lema na lokacin Ista da aka fara a Kwahu a 2005. Matuƙin na bayana, wata 'yar na'ura a cinyarsa tana tit-tit-tit muna hawa. Can sai kukanta ya koma ƙasa-ƙasa, na ji hanjina ya taso. Mun shiga iska mai gangarowa. Bai ce uffan ba, ya ɗaga hannu, iska ta ƙara kaɗa min kunne har muka fice. Rannan na san ran mutum biyu ke rataye a lissafin da yake yi da ka, ba takarda ba biro.

Sannan shi wanda ya fara saka bidiyon, ya nemi izinin yarinyar? Ga fuskarta nan fili, ɗankwali ya zame, tana haki, an riga an watsa daga Mamobi ta Accra har Zangon Kumasi. Tana da iyaye fa. Duk wanda ya san shi ya ce masa ya sauke.