Rumbun da Ya Rasa Mazauni

Sana'ata haɗa bidiyon biki. Wanda ya san harkar ya san bikin Kano ba ya ƙarewa a yini ɗaya: kamu, sa lalle, ɗaurin aure, dina, kowanne da nasa kaya, kuma amarya ba za ta yarda ka goge ko atishawar ƙawarta ba. Haka kwamfutata ta tebur, 'yar gwanjon da ta gama bauta a wani ofis a Turai kafin ta faɗo hannuna, ta wayi gari ma'ajiyarta ta yi ja wur. Ko hoton fasfo ta ce ba ta da wurin sa wa.

Na shiga kasuwa na sayo sabon rumbun ajiya, hardis babba mai terabait 4, na dawo ina taƙama. Na kwance murfin kwamfuta, na leƙa. Gurbi ɗaya ne tak, tsohon rumbu na zaune a kai. Sauran wurin na'urar faifan DVD ta cinye. Na yi baƙo, babu ɗaki.

Da farko na shimfiɗa masa kwalin sabulu a ƙasan akwatin don in gwada. Abin da ban lissafa ba, faifan da ke cikinsa yana juyawa sau 7,200 a minti ɗaya. Teburin ya ɗauki ruri. Uwargida ta leƙo ta ce, "Maigida, injin markaɗe ka sayo mana?"

Ɗan yayata, ɗalibin injiniya, yana da firintar 3D, wadda ke narka zaren roba ta riƙa jera shi layi bisa layi har abu ya tashi. Ya ce, "Kawu, kawo in zana maka mazaunin da zai riƙe shi." Girman kai ya hana. Ni da nake haɗa bidiyon manyan Alhazai, yaron da na yi wa wankan suna zai zana min kwando? Na kalli darasi biyu a YouTube, na ari tef ɗin ɗinkin uwargida, na auna: faɗi inci 4, kauri inci 1. Na kwana ina zane, da asuba na tura masa ta WhatsApp tare da umarni: "Ka buga yadda yake, kada ka taɓa komai."

Bai taɓa komai ba kuwa. Da hantsi sai ga shi ya yi sallama, ya durƙusa, ya miƙo min kwalin ashana. Na buɗe. A ciki ga mazaunina, kamar ƙwayar wake, komai nasa daidai, sai dai tururuwa ce kawai za ta iya amfana da shi.

"Kawu, minti biyu ya ɗauka," in ji shi, yana kallon ƙasa, kafaɗunsa na rawa.

Ashe irin fayil ɗin da na tura, STL, lambobi kawai yake ajiyewa, ba ya faɗin ko inci ne ko milimita. Ni na rubuta 4 da nufin inci, manhajar firinta ta karanta milimita 4. Inci ɗaya kuwa milimita 25.4 ne. Yaron ya gani tun kafin ya danna, amma ai Kawu ya ce kada a taɓa komai.

Na sauko. Ya gyara, ya sa bugu na awa bakwai, a awa ta biyar aka ɗauke wuta. Wannan ba labari ba ne. Na uku ya fito sumul, fari tas, na karɓa ranar Juma'a, na ɗora shi a gaban mota ƙarƙashin gilashi don kada ya karye, na shiga masallaci.

Watan Afrilu ne. Mota a rana, gilasai a rufe. Da na fito, mazauni ya lanƙwashe kamar gurasar da aka naɗe. Nan na koyi cewa robar da aka fi bugu da ita, PLA, tana fara laushi tun wajen digiri 60, zafin da gaban mota ke wucewa ba tare da neman izini ba. Na ɗauka na murza shi ko zai miƙe, ya bar min shatin babban yatsana a jiki. Yaron ya ce gara da hakan ta faru a mota, ba a cikin kwamfuta kusa da iska mai zafi ba. Ya canza zuwa PETG, wadda ta fi juriya, ni kuma na biya kuɗin zaren. Zuwa lokacin na daina lissafi, don na san maƙerin bakin layinmu da ya lanƙwasa min falle ɗaya na ƙarfe kafin shayina ya huce.

Sai sukurori. Na kwaso waɗanda suke jikin na'urar DVD, na murza, suna shiga suna juyawa kamar ludayi a tukunya. Waɗannan M3 ne, awon milimita, shi kuwa babban rumbu sai mai kaurin zare, 6-32, awon Amurka. Na zazzage gwangwanin madarar da nake tara tarkace a ciki, na samo uku. Na huɗun har yau yana bina bashi.

Na ɗaure shi, na jona wayar SATA mai kai bayanai, na laluba wayar wuta. Kai biyu ne kacal: ɗaya na tsohon rumbu, ɗaya na DVD. Ranar da na gwada da kwalin sabulu, na DVD ɗin na ara, na manta. Na dubi na'urar, na ce wa ke kallon faifai a zamanin nan? Na tumɓuke ta gaba ɗaya, na ba yara su yi wasa. Sai da ta fita na ga makeken gurbin da ta bari, wanda da tun ranar farko na cire ta, da rumbun ya kwanta a ciki har da juyi. Na yi shiru. Yaron ma ya yi shiru, Allah ya yi masa albarka.

Na kunna, na shirya rumbun a Disk Management, wurin da Windows ke tsara ma'ajiya, da na duba girmansa sai ya nuna terabait 3.63 maimakon 4. Na zabura zan koma kasuwa da rasit, an sace min kusan gigabait 370. Yaron ya riƙe min gefen riga: masu ƙerawa da dubu-dubu suke ƙirga, Windows kuma da 1,024. Ba a ci ko sisi ba.

Washegari ina zaune ina sauraron shirun kwamfutata kamar kiɗa, wata Hajiya ta yi sallama, uwar amaryar makon jiya. Na miƙa mata filashi da ladabi. Ta juya shi, ta ajiye.

"Ɗan nan, ni wannan tsinken ban san shi ba. Faifai za ka yi min, guda goma, zan aika ƙauye."

Daga tsakar gida na jiyo autana yana ƙwala wa yayarsa kira, wai ta zo ta ga motarsa, ya sa wa tiren DVD tayoyin murfin lemo.