Girne, Garin da Ake Nuna wa Iyayenmu a Hoto

Ranar Babbar Sallar da ta wuce, bayan mun sauko daga idi a Lefkosha, babban birnin Arewacin Saifurus inda muke karatu, ni da abokan zamana muka ce ba za mu koma ɗaki mu ƙura wa waya ido muna kallon mutanen gida suna fiɗar rago ba. Muka shiga dolmush, ƙaramar bas ɗinsu ta haya, muka nufi Girne, wani gari a bakin teku. Kowa ya ci kwalliya. Ni shadda ce da Inna ta aiko min da hula zanna bukar, abokina ɗan Gusau kuwa har da babbar riga. Da muka isa tsohuwar tashar jiragen ruwa, inda gidajen abinci suka jeru, muka nufi wani mai tebura a bakin ruwa. Akwai saurayi a ƙofa, aikinsa kiran masu wucewa, yana ta washe wa Turawan Ingila da na Rasha baki. Da ya gan mu, bai ma bari mun yi sallama ba. Ya ɗaga hannu ya ce da guntun Turancinsa babu aiki yanzu, mu dawo bayan hutu, in mun dawo ɗin kuma mu bi ta ƙofar baya.

Kuɗin kifin na aljihunmu. Da muka ce cin abinci muka zo, ya yi wata dariyar yaƙe, ya ce "buyurun, abi," wato "bismillah, yaya" da Turkanci, ya ja mana kujera. Abokina ya ce, "Malam, mu wuce, abincin nan ya riga ya fita daga raina." Muka wuce.

Tun ranar nake so in rubuta wani abu a kan garin nan, domin hotonsa ne dillalan makarantu suke turo wa iyayenmu a WhatsApp. Duk wanda aka taɓa yi wa tallar karatu a Arewacin Saifurus ya ga hoton: ruwa shuɗi, ƙananan jirage a ɗaure, tsohuwar ganuwa, duwatsu a baya. Kuma hoton bai yi ƙarya ba, kada in ɗauki alhaki. Garin yana da kyau har ya wuce misali.

Daga Lefkosha tafiyar kamar rabin awa ce. Za ka baro fili busasshe, ka wuce ƙatuwar tutar da suka zana a jikin dutse wadda ake hangowa har daga kudancin tsibirin, ɓangaren Girkawa, sannan mota ta fara hawa. Hanyar ta ratsa ta wata tsaga tsakanin duwatsun Beshparmak, kunnuwanka su toshe, sai kawai a wata kwana duniya ta buɗe: ga garin can ƙasa, farare da jajayen rufi, ga Bahar Rum ya miƙe har inda ido ya gaza. In sararin sama ya washe sosai, musamman lokacin sanyi, ana hango duwatsun Turkiyya a can ƙetare. Garin siriri ne, domin dutse ya tokare shi ta kudu, ruwa ya tare shi ta arewa, ba shi da inda zai faɗaɗa sai gabas da yamma. Sama da kansa, a kan tsauni mai tsawon fiye da mita 700, akwai kangon fadar Sen Hilariyon, wadda in gajimare ya sauko sai ka rasa inda dutse ya ƙare, inda gini ya fara. Ta gabas kuma ga ƙauyen Belapayis da tsohon gidan ibadar Kiristoci na ƙarni na 13, zagaye da itatuwan zaitun da lemo.

Ita kanta tashar a lanƙwashe take, dogayen gidaje na dutse sun kewaye ta. A da rumbuna ne da ake tara harup, wani ɗan itace mai zaƙi ɗan'uwan ɗorawarmu, kafin a loda shi a jirgi. Yanzu duk sun koma gidajen abinci da mashaya. Ƙamshin gasasshen kifi da cukwin halumi, ƙarar igiyoyin jirage, kyanwoyi masu ƙiba suna yawo a ƙarƙashin tebura babu mai korar su. (Kyanwa a ƙasar nan ta fi ɗalibi gata, wannan kowa ya sani.) A bayan layin akwai ƙaramin masallacin Aga Jafar Fasha, tun ƙarni na 16 yake nan. Ana kiran salla a cikinsa, amma ranar da muka shiga azahar, sahun bai cika ba, kuma mafi yawanmu baƙi ne: 'yan Afirka, 'yan Pakistan, da leburori daga Turkiyya. Ranar Sallah fa.

Don mu huce haushi muka sayi tikiti muka shiga ganuwar. Rumawa suka fara gina ta, mutanen Benis, birnin nan na Italiya, suka ƙara mata kauri da hasumiyoyi masu zagaye a ƙarni na 16, Turkawa suka karɓe ta a 1570, Ingilishi kuma da suka zo suka mai da ita gidan yari. Ingilan da ta mulke mu ita ta mulke su, shekara ɗaya ma aka ba mu 'yanci, 1960. Har yau ta hagu suke tuƙi, abin da mu muka bari tun 1972.

A cikin ganuwar ne na ga abin da ya fi maganar saurayin nan tsaya min a rai. Wani ɗaki ne mai sanyi, an rage masa haske, a tsakiya an kafa gangar jikin wani jirgin ruwa na katako mai tsawon kusan mita 14. Ya nutse a kusa da garin wajen shekara 2,300 da suka wuce. Wani mai ninƙaya ɗan garin ne ya gano shi a 1965, masana suka tsamo shi guntu-guntu, suka jiƙa katakon da magani, suka sake harhaɗa shi. Ga tulunan da ya ɗauko, wajen 400, ga duwatsun niƙa, ga dubban 'ya'yan almon da suka yi baƙi. Har kofuna da cokula an ajiye, kashi huɗu-huɗu, da su aka gane mutum huɗu ne ke tuƙa shi. Yara 'yan makaranta suna zuwa layi-layi. Girkawan kudu ma, duk da jirgin ba ya hannunsu, sun buga hotonsa a jikin sulallansu na yuro.

Ni kuwa ɗan Potiskum ne. Tsakaninmu da Gashuwa akwai ƙauyen Dufuna, a ƙaramar hukumar Fune. A 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya ya ci karo da katako. Da masana daga Jami'ar Maiduguri da Jamus suka tono shi a 1994, sai ga kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, shekarunsa wajen 8,000. Babu wanda ya kai shi tsufa a Afirka kaf, a duniya ma yana cikin na sahun farko. Wato lokacin da aka sassaƙa jirgin Girne, namu ya riga ya shekara fiye da 5,000 a kwance. Yana Damaturu. To, ku gaya min tsakani da Allah, mu 'yan Yobe, mutum nawa ne a cikinmu ya taɓa zuwa ya gan shi? Wace makarantar firamare ce ta kwashi yara ta kai su? Na gaya wa wani malaminmu Baturke labarin, ya saurara cikin ladabi, amma na ga alamar bai yarda ba. Ban ga laifinsa ba, tunda mu masu abin ma ba mu ɗauke shi a bakin komai ba.

Wannan na sallama musu: sun iya riƙe abinsu, sun kuma iya tallarsa. Haka nan maganar ruwa. Tsibirin busasshe ne, amma a 2015 aka jawo musu ruwan sha daga Turkiyya ta bututu mai tsawon kilomita 80 a cikin teku, zuwa madatsar Gechitkoy da ke yamma da Girne. Mu da muke da Tiga da Challawa da kogin Yobe, kun san da wa muke dogara da asuba. Ba sai na faɗa ba.

Amma tallar nan, wa ake yi wa ita, kuma me ake sayarwa? Nan ne nake rabuwa da 'yan'uwanmu masu ɗora hoto suna rubuta "rayuwa ke nan". Garin da kuke gani, kafin 1974 mafi yawan mutanensa Girkawa ne. A watan Yulin shekarar, bayan juyin mulkin da sojojin Girka suka ɗaure wa gindi, sojojin Turkiyya suka sauka a gaɓar da ke yamma da garin kaɗan. Girkawa suka gudu kudu, Turkawan kudu suka dawo arewa, kowa ya bar gidansa da gonarsa. Kowane ɓangare da nasa kukan, ni baƙo ba zan raba musu gardama ba. Abin da ya shafe mu shi ne, ƙasar da Turkawan suka ayyana a arewacin tsibirin a 1983 babu wanda ya amince da ita sai Turkiyya. Jirgin sama ba ya sauka filin jirginsu na Erjan sai ya bi ta Turkiyya. Ba Tarayyar Turai kake ba, duk abin da dillali ya rantse maka. Ƙasar da ba ta iya sayar wa duniya kayanta yadda take so, dole ta nemi abin da mai saye zai zo da ƙafarsa ya biya. Ta samu uku: masu yawon shaƙatawa, 'yan caca, da ɗalibai. Tun da Turkiyya ta rufe gidajen cacarta a 1998, sana'ar ta ƙetaro nan, manyan otal-otal ɗin da suka jeru a gaɓar Girne kusan duk da ita suke ci. Na ukun kuwa mu ne.

Shi ya sa maganar saurayin nan ta yi min ciwo. Kuɗin gonakin iyayenmu da fanshonsu suna cikin abin da ke riƙe da garin nan. Mu ke cika dolmush, mu ke kama ɗakunan da ake gina su kamar ana tsere har sun fara hawa jikin dutsen. Albashi da lira, kuɗin Turkiyya, ake biya, mai narkewa kullum, haya kuwa da fam na Ingila ake yanka ta, a kuma nemi ta watanni gaba ɗaya da kuɗin ajiya. Idan kuɗin gida ya yanke, naira ta sake faɗuwa, ɗan da aka turo karatun injiniya shi ne zai koma wanke kwanoni a bayan gidan abincin da yake cikin hoton. Saurayin bai ƙirƙiri abin da ya faɗa ba, ya saba ganin masu irin fatarmu ta ƙofar baya ne. Amma sabo ba hujja ba ne. Mutum ya zo maka da babbar riga ranar idi, ko makaho ya shafa ya san ba neman wanke-wanke ya zo ba.

Na san za a ce mu ma ba mu da bakin magana, a tuna min yadda muke yi wa almajiri da ɗan ci-rani, ko yadda ake kallon wanda ya zo daga ƙauye. Gaskiya ne, akwai wannan. Kuma a nan ma na haɗu da mutanen kirki. Akwai tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu, ba ta tsinki lemo a gidanta ba ta miƙo mana ta katanga ba. Sai dai ita ɗaya ce, ba al'ada ba ce. A gida kuwa ba sai an dace da mutumin kirki ba. Baturen da zai sauka tashar Potiskum ranar Sallah, bai san kowa ba, na rantse kafin la'asar ya rasa inda zai sa nama. Babu mai tambayarsa me ya kawo shi kafin a ba shi ruwa. Mu aka koya wa baƙonka annabinka, kuma ko mai shayin bakin titi ya san shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. A Girne fuskar ma da farashinta, ana duba fatarka da takalminka kafin a shimfiɗa ta. Ku ce son gida ne ya rufe min ido, na ji. Amma da a ce in zaɓa, ƙurar kasuwar shanu da "sannu da zuwa" ta fi min iskar tekun nan da ake auna ni kafin in shaƙa.

Abin da ya sa na zauna na rubuta wannan duka shi ne ƙanena. Ya gama sakandare, ya ga hotunan da abokina ya ɗora na ranar, mu tsaye a kan ganuwa, teku a bayanmu, muna dariya. Ya turo min saƙo: "Yaya, ni ma can zan zo, na yi wa Baba magana." Ashe har wani dillali ya same su, ya ce akwai tallafin rabin kuɗin makaranta, ya ce yaro zai riƙa aiki yana riƙe kansa. Tallafin nan kusan kowa ake ba wa, farashin ne aka rubuta da tsada don a rage. Aikin kuwa na faɗa muku irinsa. Tun 2020 hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna ƙetare, ta bakin shugabarta Abike Dabiri-Erewa, ta gargaɗi iyaye a kan turo 'ya'yansu nan, amma gargaɗi a rediyo ba ya kai hoto ƙarfi.

Ban ce kowa ya zo ya yi asara ba. Akwai waɗanda suka gama lafiya, suna aiki a asibitoci da jami'o'in gida yanzu. Mafi yawansu ko dai gwamnatin jiha ta biya musu, ko gidansu na da abin da za a ci gaba da turowa ko dala ta kai nawa. Mu ba haka muke ba. Gonar da Baba yake maganar sakawa a kasuwa ita ce ta bakin hanyar Gashuwa, wadda geronta ke kai mu har wata damina. Na kira shi na ce, "Baba, don Allah a dakata da maganar gonar nan, a bar yaron ya sake zana jarrabawa, ko Maiduguri ko Gashuwa ya samu." Ya yi shiru, sannan ya ce to ai ni da nake can ban dawo ba. Na ce masa saura kaɗan in gama, kuma kuɗin tikitin dawowa ne kawai abin da nake tarawa yanzu. Ya ce zai yi shawara da Kawu bayan an girbe wake.