Wa ya ce maka maraya ne?

Wallahi na gaji. Kowa ya tsinci ɗan tsuntsu a gindin bishiya sai ya sa a kwali ya kawo mini, wai maraya ne. In gashinsa ya fito, yana tsalle-tsalle, koyon tashi yake yi, iyayensa na kan reshe suna kawo masa abinci. Ceto? Sata ka yi!

Abin da ya fi ƙona mini rai, sai an ɗura masa madara tukuna. Ina tsuntsu ina madara? Cikinsa ba ya narkar da ita, ɗurar ma na iya shaƙe shi. In ko tsirara yake, mayar da shi sheƙa, uwar ba za ta guje shi don ka taɓa shi ba.