Adam Smith ɗin da na tarar a Edinbara

Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, da wuya a zauna muhawara kan tsadar rayuwa wani bai jawo sunan Adam Smith ba. Wasu su ce ai uban ilimin tattalin arziki da kansa ya ce a bar kasuwa ta yi halinta. Wasu su ce shi ne ya koya wa duniya jari-hujja da rashin tausayin talaka. Na daɗe ina cikin na biyun, bisa abin da na tsinta a bakin mutane. Kwana uku da na yi ina bin sawunsa a Edinbara, babban birnin Sikotlan, su suka sauya mini tunani, kuma ina ganin duka ɓangarorin biyu muna yi wa mutumin nan rashin adalci.

Na fara da mutum-mutuminsa na tagulla da ke kan Royal Mile, titin da ya gangaro daga ganuwar da ke bisa dutse har zuwa fadar Holyrood. Yana tsaye daf da cocin St Giles, kuma sai a 2008 aka kafa shi, shekara 218 bayan rasuwarsa. Akwai garma a bayansa, akwai amya a gefensa, an kuma lulluɓe hannunsa ɗaya da riga don tuna "ɓoyayyen hannun" nan da aka fi saninsa da shi, wato zancensa cewa mai neman ribar kansa kan amfani jama'a ba tare da ya yi niyya ba. 'Yan yawon buɗe ido suna ta ɗaukar hoto. Ni abin da ya tsayar da ni yana tsallaken titi: ginin da majalisar birnin take a yau, a nan ofishin kwastan yake a zamaninsa. Daga 1778 har ya bar duniya a 1790, Adam Smith kwamishinan kwastan ne na Sikotlan. Shekara goma sha biyu yana tattakowa daga gida zuwa wannan gini, yana tara wa gwamnati kuɗin shiga, yana fama da 'yan fasa-ƙwauri. Mahaifinsa ma jami'in kwastan ne. To, mutumin da ake cewa ya haramta wa gwamnati sa hannu a kasuwa, a wannan kujera ajali ya same shi.

Shi kuwa ɓoyayyen hannun, sau ɗaya tak ya ambace shi a cikin The Wealth of Nations, littafinsa kan dukiyar ƙasashe da ya kai kusan shafi dubu.

A Kirkcaldy aka haife shi a 1723, wani ƙaramin gari na bakin ruwa a tsallaken Edinbara. Maraya ne tun yana ciki. Mahaifiyarsa, Margaret Douglas, ita ta raine shi, bai taɓa aure ba, kuma yana tare da ita har ta rasu a 1784. Ya shiga jami'ar Gilasgo yana ɗan shekara goma sha huɗu, ya yi shekara shida a Oxford, ya dawo yana kukan cewa malaman can sun daina ko da yin kamar suna koyarwa, tunda albashinsu na nan ko sun shiga aji ko ba su shiga ba. Ya koyar a Gilasgo, ya raka wani ɗan sarauta Faransa a matsayin malaminsa, sannan ya koma gidan tsohuwarsa ya duƙufa kan rubutu, har littafin ya fito a watan Maris na 1776.

Inda na fi jimawa shi ne ɗakin karatu na jami'ar Edinbara da ke George Square, wanda ke riƙe da kaso mai yawa na littattafan da Smith ya mallaka. Ana ajiye jaka a waje, ba a shiga da biro sai fensir. Aka kawo mini wani littafi aka kwantar da shi a kan matashi don kada gadon bayansa ya karye. A cikin bangon akwai 'yar takarda manne, ba ado ba kirari, sunansa kawai. Na daɗe ban juya shafi ba. Da na duba jerin abin da ya tara, kusan littafi dubu uku, sai na ga ba taskar mai lissafin riba ba ce. Waƙoƙi ne, tarihi, falsafa, labaran matafiya, da Girkanci da Latin da Faransanci da Italiyanci.

Yadda littattafan suka watse ya taɓa ni. Ɗan'uwansa David Douglas ya gaje su, daga baya aka raba su tsakanin magada, wasu suka tafi Belfast, wasu kuma wani malamin Japan, Nitobe Inazo, ya saye su a 1920 ya kai jami'ar Tokyo. Nan take na tuna da abin da kan faru idan babban malami ya rasu a garuruwanmu: a raba littattafai kamar yadda ake raba gona, wannan ya ɗauki juzu'i na ɗaya, wancan na biyu, sauran gara ta cinye a cikin adaka. Su ma an raba nasu, amma an samu waɗanda suka bi sawu suka rubuta inda kowanne ya shiga. Wannan aikin ne ya kamata jami'o'inmu su ɗauka da gaske.

Washegari na zauna a Ɗakin Karatu na Ƙasa da ke George IV Bridge. Asalinsa ɗakin karatun lauyoyi ne, wanda aminin Smith, masanin falsafa David Hume, ya taɓa riƙewa tun daga 1752. A nan na karanta The Wealth of Nations da idona. Kowa ya san labarin masana'antar fil da ya buɗe littafin da shi: mutum goma, kowa da ɗan guntun aikinsa, suna fitar da fil 48,000 a rana, alhali mutum ɗaya shi kaɗai da ƙyar zai yi ashirin. Abin da ba a cika faɗa ba yana can ƙarshen littafin. A can ya ce wanda ya ƙare rayuwarsa yana maimaita aiki ɗaya ƙwaƙwalwarsa za ta dushe, don haka wajibi ne hukuma ta kafa makarantu a kowace gunduma waɗanda ɗan lebura zai iya shiga. A wasu wuraren kuma ya ce da wuya masu sana'a ɗaya su haɗu, ko don shaƙatawa ne, ba su ƙare da ƙulla yadda za su ƙara wa jama'a farashi ba. Ya ce al'ummar da mafi yawanta ke cikin talauci da ƙunci ba za a kira ta mai wadata ba. Har riga da takalmi ya saka cikin larurar rayuwa, domin a cewarsa leburan da ba shi da rigar kirki kunyar shiga mutane zai ji. Duk wanda ya san abin da muke kira rufin asiri ya gane me yake nufi.

Haraji ma ya gindaya masa sharuɗɗa: kowa ya biya daidai ƙarfinsa, ya san nawa ne kuma yaushe ne, a karɓa a lokacin da ya fi masa sauƙi, kada kuɗin tarawa ya cinye abin da aka tara. Ku auna wannan da abin da mai kayan gwari ke gamuwa da shi daga Kano zuwa Legas.

Ba ina cewa bai yarda da kasuwa ba. Ya yarda ƙwarai. Ya ce mahauci da mai burodi neman ribarsu ke sa su ciyar da mu, ba kirkinsu ba. Amma waɗanda ya fi yaƙa su ne manyan 'yan kasuwa da ke raɓar masu mulki don a rufe ƙofa a bar musu kasuwa su kaɗai, kuma ya ragargaji Kamfanin Gabashin Indiya na Turawan Ingila kan ɓarnar da ya yi a Bengal. Idan za a kira sunansa a Nijeriya, a nan ya kamata a fara.

Akwai inda ban bi shi ba. Ya kare dillalan hatsi, har ya kwatanta tsoron masu ɓoye abinci da tsoron maita. Ni na ga yadda ake saye masara da kaka a kulle a sito sai damina ta yi nisa, na ga magidancin da ya sayar da buhu da araha ya dawo yana awon kwano da tsada. Wannan ba camfi ba ne. Haka kuma zancen bauta. Ya ƙi ta, ya ce aikin bawa ya fi na ɗa tsada, ya ma yabi girman zuciyar 'yan Afirka a kan miyagun da suka mallake su. Sai dai Gilasgon da ya koyar a cikinta da tabar Bajiniya ta Amurka ta yi arziki, tabar da bayi suka noma, kuma ya yi hulɗa da attajiran wannan fatauci. Na so a ce ya ɗaga murya fiye da haka.

Rana ta ƙarshe na gangara Canongate, na bi wani lungu zuwa Panmure House, gidan dutsen da ya zauna da mahaifiyarsa da 'yar'uwarsa Janet Douglas. Yanzu yana hannun jami'ar Heriot-Watt, wadda ta gyara shi ta buɗe a 2018. A nan yake tara abokai cin abincin daren Lahadi, irin su Joseph Black masanin sinadarai da James Hutton masanin duwatsu. Waɗannan biyun ya sa suka ƙone masa kundi goma sha shida na rubuce-rubucensa ana saura kwanaki ya rasu, don ba ya son a buga abin da bai kammala ba. Albashinsa da fanshonsa sun kai fam 900 a shekara, kuɗi mai kauri a lokacin, amma abin da ya bari bai taka kara ya karya ba. Sai bayan mutuwarsa aka gano cewa a ɓoye yake rabar da da yawa daga ciki.

Aikin ƙarshe da ya yi bai shafi kasuwa ba. Ya koma kan littafinsa na farko na 1759, The Theory of Moral Sentiments, wanda ke magana kan yadda mutum ke jin ciwon ɗan'uwansa, ya ƙara masa babi a bugun 1790. Babin na cewa ɗabi'ar girmama mai kuɗi da raina talaka ita ce babbar hanyar lalacewar tarbiyya. Ya rasu ranar 17 ga Yuli na wannan shekara.

Kabarinsa yana makabartar cocin Canongate, tafiyar 'yan mintuna daga gidan, a jikin bango, an kewaye shi da shingen ƙarfe. An rubuta sunayen littattafansa biyu a kan dutsen, na ɗabi'a a farko, na dukiya a bayansa. Ana yayyafi lokacin da na isa, ba kowa a wurin sai wata tsohuwa da ke ƙoƙarin karanta rubutun ta cikin shingen.