Ranar da na ɗura bindigar Kawu ba albarushi

Wallahi duk wanda yace maka auna albarushi wasan yara ne to bai taɓa yi da surutu a bakinsa ba. Ni dai na yi, kuma har yau kafaɗata ta dama bata gama yafe min ba.

Kawuna yana da bindigar toka irin wadda ake ɗurawa ta baki, kaliba 50 (lambar faɗin bakinta kenan), yana ji da ita kamar amarya. Na fi shekara ina masa naci kafin ya yarda ya tafi da ni filin da suke gwajin harbi. Muna zuwa ya ciro wani ɗan ma'auni na tagulla mai zane-zane a jiki, yace da wannan ake awo, cikar ma'auni ake bi, kuma sunan awon giren, giren 7,000 ne ke yin laba ɗaya, wato giren guda ko kashi ɗaya cikin goma na giram bai kai ba. Yace sabon shiga da lambar kalibarsa yake farawa, tunda 50 ce to giren 50 zan zuba.

Ni kuwa dama na kwana ina karance-karance, sai nace Kawu ai mutanen zamanin da, curin dalmar suke ɗorawa a tafin hannu su zuba garin albarushi har ya rufe shi, shikenan awo ya yi. Ya kalli hannuna ya kalli nasa, yace da wannan faifan naka? Ai sai mu kwashe ka a buhu. Nayi shiru. Na ɗau ƙahon da ake zuba albarushin a ciki zan tuttula kai tsaye cikin bututun ya buge min hannu, yace in akwai sauran garwashi a ciki ƙahon gaba ɗaya ne zai tashi a fuskarka, daga ƙaho sai ma'auni, daga ma'auni sai bindiga.

Karatun kalma uku ne kacal: gari, ƙyalle, dalma. Nace wannan ko ɗan yaye ai ya riƙe.

To na cika ma'auni kenan wani mutum a gefe ya tambaya meye bambancin albarushi mai lamba FFg da mai FFFg, ni kuma ba a tambaya a gabana in bari ta wuce, na ajiye ma'aunin na shiga bayani cewa duk sanda F ta ƙaru garin ya fi laushi kuma ya fi saurin ci, mai F huɗu ma na kunna wutar bindiga mai ƙanƙara ne kawai, ina zuba surutu ina ɗora ƙyalle ina danna dalma da sanda har ƙasa kamar tsohon maharbi. Na sa hular wuta mai kunna albarushin, na saita, na ja kunama. Tas! Ƙarar ashana. Kawu yace kar ka motsa, bar bakinta can gaba, wani lokacin wutar lattin zuwa take. Muka tsaya kamar minti guda. Na sake hula, tas. Mutumin da na yi wa lacca ne yace malam, wancan ma'aunin da ke kan benci a cike naka ne?

Kawu bai ce uffan ba, ya zura sandar ɗuri, ashe akwai zane da ya yi mata daidai inda take tsayawa in ɗuri ya cika, sai gashi zanen ya nutse ciki. Yace ɗan nan dalma ka ɗura a kan iska. Muka ɗaura wani ƙarfe mai kama da ƙusa mai murɗi a bakin sanda, aka murɗa shi cikin dalmar, ni ina ja shi yana riƙe da gindin bindiga kamar masu fitar da guga da ta maƙale, da ta fito sai da na zauna daɓas a ƙasa.

Zagaye na biyu na rantse ba zan manta ba. Na zuba, waya tayi ƙara, na duba, na dawo ina kokwanto na zuba ne ko ban zuba ba, shaiɗan yace ƙara dai. Kawu ya juya yana gaisawa da wani, ni kuma zanen sanda ko kallonsa ban yi ba. Giren 100 cif. Da na ja kunama hayaƙi fari ya rufe duniya, hulata tayi gaba ni nayi baya, allon da nake nema kuwa ko ƙura bata taɓa shi ba.

Faɗan da Kawu ya min ba zai rubutu ba, yace sa'a ɗaya nayi bindigar tana iya ɗaukar hakan. Hukuncina wanke bututu da ruwan zafi, ruwan na fitowa baƙi ƙirin yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ina shiga gida uwargida ta toshe hanci tace me ka taka? Nace harbi muka je. Tace me kuka harbo? Da hannun hagu na miƙa mata man zafi.